Maraba da Soja: Wanda Teku Ta Riƙe Fa?

A adabinmu, waƙar da aka fi tunawa game da Yaƙin Duniya na Biyu ita ce "Maraba da Soja" ta Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958. Waƙar tarya ce, an yi ta ne don waɗanda suka dawo. Ba mu ga laifin Malam ba, domin mai tarya fuskokin da suka sauko yake dubawa. Tambayarmu ga marubutanmu na yau take: wa zai yi wa wanda bai sauko ba tasa waƙar?

Mu ɗauki Jabo, a ƙaramar hukumar Tambuwal, ko wani ƙauyen Kebbe. Saurayin da aka ɗauka soja daga irin wannan wuri, iyakar ruwan da ya sani gulbi ne da tafkin damina. Sai ga shi a Ikko, ana loda shi cikin jirgin ruwa tare da runduna ta 81 a 1943 ko ta 82 a 1944, za a kai shi Indiya, daga can sai Bama. Kafin ya ji ƙarar bindigar Japan, sai ya yi makonni a kan ruwan da jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku ke farauta a cikinsa. A wannan tekun Indiya ne aka nutsar da jirgin Khedive Ismail ranar 12 ga Fabrairu, 1944, kusan mutum 1,300 suka halaka, akasarinsu sojojin gabashin Afirka.

Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya yi ƙoƙari a littafinsa Burma Boy na 2007. Ya ɗauko yaro Bahaushe, Farabiti Ali Banana, ya sa shi a tsakiyar labari tare da Samanja Damisa, ya bar su da barkwancinsu da tsoronsu, bai mai da su 'yan rakiyar Turawa ba. Wannan abin yabo ne. Sai dai nauyin littafin yana dajin Bama, inda ake mutuwa a gaban shaidu. Ga shi kuma da Ingilishi yake, jikokin su Ali Banana da yawa ba za su karanta shi ba.

Mu dubi yadda wasu suka yi. Jirgin Mendi ya taɓa ɗaukar sojojin Najeriya zuwa gabashin Afirka a Yaƙin Duniya na Farko. Ranar 21 ga Fabrairu, 1917, jirgin Darro ya buge shi cikin hazo kusa da gaɓar Ingila, ya nutse da mutum sama da 600, yawancinsu baƙaƙen leburorin soja daga Afirka ta Kudu. Hukuma ba ta ba su muhimmanci ba, amma mawaƙi S.E.K. Mqhayi ya yi musu waƙa da harshen Xhosa, jama'a suka riƙe labarin a baki. Yau ƙasar tana bikin ranar sojojinta a wannan rana, kuma a 2017 Fred Khumalo ya fitar da ƙagaggen labari a kan jirgin. Waƙa ce ta riga gwamnati.

Jiran hukuma ba zai fisshe mu ba. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, galibi 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. A nan gida, taron 15 ga Janairu fareti ne da ajiye furanni a manyan birane, ba ya isa zauren da aka yi zaman makoki ba gawa.

Alhali kayan labarin suna hannunmu. Babu wanka, babu likkafani, babu kabarin da za a ziyarta. Uwa tana riƙe da hadisin da ya ce wanda ya nutse shahidi ne. Matarsa tana tsakanin aure da zawarci, ga babin matar wanda ya ɓata a fiƙihun Malikiyya: jiran shekara 4, sannan takabar wata 4 da kwana 10. Ga gonar da aka kasa raba gadonta, ga ɗan da aka sa wa sunan uban da bai taɓa gani ba. Marubutanmu da suka gwanance wajen labarin kishi da zaman aure, wane rikicin gida ne ya kai wannan?

Gargaɗinmu ɗaya ne: kada a ƙirƙiro wa wani gari mamaci a sayar da shi a matsayin tarihi. In ƙage ne, a ce ƙage ne. In gaskiya ake nema, a je Jabo, a je Kebbe, a zauna da tsofaffi, a kunna waya a naɗi muryarsu. 'Ya'yan 'yan Bama da yawa sun haura saba'in, kuma kowace shekara suna raguwa.