Shawarar Zarnuji a Birnin Riyad

Akwai wani ɗan littafi na Larabci wanda almajiran ilmi a ƙasar Hausa su kan karanta a zauren malamansu, sunansa Ta'alimul Muta'allim. Wani malami mai suna Zarnuji ya wallafa shi, can wajen Asiya ta Tsakiya, kusan shekara ta 1200. Babi goma sha uku ne, duk kuwa maganarsu ɗaya ce, watau yadda mai neman ilmi zai yi ya samu. Turawa ma sun daɗe da saninsa. An buga shi tare da fassarar Latin a Utrecht, ƙasar Holan, a 1709, aka kuma juya shi da Ingilishi a 1947.

Babi na uku shi ya fi shafar sabon ɗalibi, don a nan ne aka yi maganar zaɓen malami da zaɓen aboki. To, yau ga samarin ƙasar Hausa suna tafiya Riyad karatu, waɗansu Jami'ar Sarki Sa'ud, wadda aka buɗe a 1957, waɗansu Jami'ar Imam Muhammadu ɗan Sa'ud, ta 1974. Yaro ya sauka garin da ba shi da uwa ba shi da uba, bai san wanda zai riƙa ba. Saboda haka ya kamata a auna babin nan, a ga ko har yanzu zai iya yi masa jagora.

Ma'auni uku Zarnuji ya kafa: a nemi malamin da ya fi sani, ya fi tsoron Allah, ya kuma fi shekaru. Sa'an nan ya kawo labarin wani mai hikima da ya gargaɗi ɗalibin da za shi Bukhara, kada ya yi garaje, ya zauna wata biyu yana dubawa yana shawara kafin ya durƙusa gaban kowa. Dalilinsa kuwa, wanda ya soma karatu wurin malami, ya ga bai yi masa ba, ya tashi ya koma wurin wani, albarkar karatu ta kan guje masa.

Wannan shawara ta wata biyu ita ce mafi kyaun abin da ke cikin babin, kuma a Riyad ɗin kanta aka ga gaskiyarta. Wajen 1950 aka buɗe wata makarantar ilmin addini a birnin, Kwalejin Shari'a ta biyo baya a 1953. Cikin ɗaliban farko akwai wani saurayi daga garin Unaiza, Muhammadu ɗan Usaimin, wanda ya taso a hannun Shaihu Abdurrahman Sa'adi. Shi da kansa ya ba da labari daga baya, ya ce suna zaune a aji sai wani malami ya shigo da tufafi marasa kyau, kamar mutumin daji. Ɗalibai suka raina shi. Ɗan Usaimin ya shiga tunanin yaya aka yi ya baro malaminsa na gida ya zo ya zauna gaban wannan. Da mutumin ya buɗe baki ya soma karatu, sai suka ga ashe kogi ne. Shi ne Muhammadu Al'amin Shinƙiɗi, mutumin Muritaniya, mai tafsirin nan Adwa'ul Bayan. Wani malamin Hadisi nasu kuma, Abdurrahman Ifriƙi, daga ƙasar Mali ya fito.

Mai karatu ya lura, ido ne ya yi saurin yanke hukunci, kunne ya zo ya warware. Abin da Zarnuji ya ke tsoro ke nan. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Sabon ɗalibi ya kan bi rawani, ko suna, ko yawan mabiya a Facebook, alhali kuwa mai ilmin yana can gefe ba wanda ya kula da shi.

Amma fa labarin nan da ya gaskata Zarnuji, shi ne kuma ya tona inda ya gaza. Sa'adi ya girmi Shinƙiɗi da kusan shekara ashirin. Da an bi ma'aunin shekaru, aka kuma bi gargaɗin kada a tashi daga gaban malami, da ɗan Usaimin bai bar Unaiza ba. Abin da ya yi kuwa shi ne, ya nemi izinin malaminsa ya tafi, ya ɗauki karatu wurin Shinƙiɗi a aji, ya kuma riƙa zuwa wurin Shaihu Abdul'aziz ɗan Baz. Ya koma gida, da Sa'adi ya rasu shi ya gaje shi a limancin babban masallacin garin. Ƙara malami bai hana shi albarka ba, don ya ƙara ne da ladabi, bai yar da na farko ba. Littafin bai rarrabe tsakanin mai yawon raini da mai ƙarin ilmi ba.

Akwai kuma wani wurin da ya kamata a taka a hankali. Zarnuji yana so ɗalibi ya bar wa malami zaɓen fannin da zai karanta. Don ya ƙarfafa wannan, ya kawo labari wai Muhammadu ɗan Hasan, almajirin Abu Hanifa, shi ya juya Buhari zuwa ilmin Hadisi. Wannan ba ya yiwuwa, don ɗan Hasan ya rasu a 805, Buhari kuwa sai a 810 aka haife shi. Shawarar na iya zama da amfani, amma turken da aka ɗaure ta a kai ruɓaɓɓe ne.

Daɗin daɗawa, zamanin ya sake. A Bukhara ɗalibi ne ke zaɓen malami. A jami'a kuwa takarda a ke miƙa masa, ga darussa ga sunayen masu koyarwa, ko ya so ko ya ƙi. Zaɓen da ya rage masa shi ne wanda zai bi bayan an tashi daga aji: wanda zai kai wa tambaya, wanda zai gaya masa gaskiya in ya yi kuskure. Wani lokaci ba babban shaihu ba ne, ɗan'uwansa ɗalibi ne da ya riga shi zuwa da shekara biyu. Nan maganar Zarnuji a kan aboki, cewa a nemi mai himma a guji malalaci da mai yawan surutu, ta fi ma'aunin shekaru aiki nesa.

Saboda haka littafin ya cancanci ya shiga jakar mai tafiya Riyad, muddin zai karanta shi da idon basira. Ya riƙe wata biyun nan da kyau, ya saurara kafin ya zaɓa. In kuma ya sami malami na biyu, kada ya manta da gaida na farko.