Makullin Birkin Gaba da Al'adar Ƙona Taya

Makullin birkin gaba wata 'yar na'ura ce da ba ta kai girman dunƙulen hannu ba, wadda ake sakawa a tsakiyar bututun da ke kai man birki daga masta zuwa tayoyin gaba. A cikinta akwai maganaɗisun lantarki da wani ɗan ƙarfe mai toshe hanya. Muddin ba a ba ta wuta ba, hanya a buɗe take, birki na aiki kamar na kowace mota. Idan direba ya taka birki da ƙarfi, ya danna maɓallin na'urar ya riƙe, sannan ya ɗage ƙafarsa, man da ya tafi gaba zai maƙale a can, tayoyin gaba su ci gaba da kamewa, na baya kuwa su saku. Da zarar ya saki maɓallin, man ya koma, mota ta zabura.

Asalin na'urar daga tseren miƙaƙƙiyar hanya na Amurka yake, inda motoci biyu ke jerawa su yi gudun mita 402. Wannan tsere ya faro ne a kan tituna da tsofaffin filayen jirgin sama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kafin Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 don a janye matasa daga titi zuwa fili mai doka da alƙalai. A shekarun 1960 kamfanonin birnin Ditiroyit suka shiga sanya manyan injuna a matsakaitan motoci suna sayar wa samari da araha. Pontiac GTO ta 1964 ita ake ɗauka a matsayin ta farko, sai Dodge Charger, da Plymouth Road Runner ta 1968, da Chevrolet Chevelle SS ta 1970. Injin Hemi na kamfanin Chrysler, mai faɗin lita 7, an rubuta masa ƙarfin doki 425. Dukkan motocin nan da tayoyin baya suke ja, gabansu ya fi bayansu nauyi, tayoyin zamanin kuma sirara ne. Ƙarfi ya yi yawa, kamun ƙasa ya yi kaɗan. A wannan zamani ne kamfanin Hurst, wanda ya yi suna wajen ƙera sandar giya, ya yaɗa makullin a kasuwa, har yau kuma yana sayar da shi da sunan Roll/Control.

Bukata biyu na'urar ta zo biya. Ta farko ita ce gasa taya. Tayar tsere ba ta da zane, robarta mai laushi ce, kuma ba ta kama kwalta sosai sai ta yi zafi. Kafin a tashi, direba kan ratsa wani ɗan wuri da aka jiƙa da ruwa, ya kulle gaba, ya ba mota wuta, tayoyin baya su yi ta juyawa a wuri ɗaya har hayaƙi ya tashi. Da haka tsakuwa da ƙurar da suka manne su zube, fuskar robar ta yi danƙo. Ana iya yin wannan ba tare da makulli ba, a taka birki da ƙafar hagu a taka totur da ta dama, sai dai a lokacin injin yana kokawa ne da birkin baya. Tsofaffin motocin nan birkin ganga ne a bayansu, zafi na cinye takalmin birkin, gangar ma tana iya karkacewa.

Bukata ta biyu ta shafi mota mai kuloci. Abin takawa uku ne, ƙafa biyu. A bakin layin tashi ƙafar hagu na kan kuloci, ta dama na kan totur tana ɗaga injin, ba wadda ta rage wa birki. Ga kuma hasken lantarki da aka gitta a ƙasa yana auna matsayin tayar gaba. Tun 1963 fitilu ne ke ba da izinin tashi maimakon mai ɗaga tuta, motar da ta gangara kafin lokaci kuwa jar fitila za ta kama mata, ta faɗi tun ba ta fara ba. A nan makullin ne ke riƙe motar, shi ya sa ake ɗora maɓallin a kan sandar giya, daidai inda babban yatsa ke sauka. Abin ya yi kama da mahayin da ya ja linzami ya tamke, yana kuma zuba wa doki ƙaimi, kafin ya sake shi a filin sukuwa.

Sanya na'urar a tsohuwar mota shi ne inda gwanintar makaniki ke fitowa. Motocin Amurka da aka ƙera kafin 1967 yawancinsu masta mai ɗaki ɗaya gare su, bututu ɗaya ke fita ya rabu zuwa tayoyi huɗu, don haka dole a sa makullin bayan mararrabar, a reshen gaba kawai. Daga 1967 aka koma masta mai ɗaki biyu, gaba daban baya daban, aikin ya yi sauƙi. Duk da haka masu gyaran irin waɗannan motoci sukan fara da sauya tsohuwar masta, domin a mai ɗaki ɗaya, yoyo a wuri guda ya isa ya kwashe birkin mota baki ɗaya, kowane sabon haɗi kuma wata ƙofar yoyo ce. Bututun ƙarfe ake amfani da shi, a buɗa bakinsa ninki biyu, a ɗaure na'urar a jikin mota nesa da zafin salansa. Bayan haka sai a fitar da iska daga layin: mutum ɗaya a kujerar direba yana taka birki yana riƙewa, ɗaya a durƙushe gindin taya yana kwance ɗan ƙusar yana kallon man har kumfa ta daina fitowa. Ta fuskar waya kuma ana sa fis, da fitilar gargaɗi, da wani makunni na biyu da ke kashe tsarin gaba ɗaya idan za a hau titi.

Wannan makunni na biyu ba ado ba ne. Idan yatsa ya taɓa maɓallin bisa kuskure mota na tafe, hanyar mai ta toshe, birkin gaba na iya ƙin saki bayan an taka, a wasu nau'o'in ma ya ƙi kamawa. Haka nan na'urar ba ta maye gurbin birkin hannu. Maganaɗisun na zafi idan ya daɗe a kunne, batir ya yi sanyi ko waya ta tsinke kuma, motar da aka bari a gangare ta kama hanya. Lokacin da Ford ya saka irin wannan tsari a Mustang GT ta 2015, kwamfutar motar ce ke riƙe birkin, ba ya wuce daƙiƙa 15, kamfanin kuma ya ce don filin tsere aka yi shi.

Hayaƙin da ya fara a matsayin share fage ya zama wasa mai zaman kansa. A Ostareliya, bikin Summernats na birnin Kambera yana da gasar da alƙalai ke duba yawan hayaƙi da fashewar taya. A Soweto ta Afirka ta Kudu, juya BMW a wuri ɗaya ya samo asali a shekarun 1980, har a wajen jana'iza ake yinsa. A Saudiyya akwai tafhiɗ, wato wasan zamiya da mota, wanda Hausawa mazauna can suka sani sarai, kuma gwamnati na cin tara mai tsanani a kansa. A nan ne al'adar ta rabu da dalilinta: tayar titi mai zane ba ta ƙaruwa da komai daga doguwar ƙona, sai ma santsi da take yi idan zafin ya wuce kima.

A ƙasar Hausa wasan ya zo, filin bai biyo shi ba. Daga Kano zuwa Dutse, har garuruwa irin su Garki da ke masarautar Ringim, an san wasan mota da na babur a ranar ɗaurin aure ko kai amarya, samari na juyi suna tayar da ƙura, mutane sun yi da'ira ba shinge tsakaninsu da ƙarfe. Makullin birkin gaba ba shi da wani matsayi a wannan wasa, kuma dalilin na ƙira ne. Golf da Corolla da Honda, waɗanda suka cika tashoshin Jigawa, da tayoyin gaba suke ja, don haka baya ake bukatar kamewa, birkin hannu kuwa ya riga ya yi wannan aiki. Ga shi layin birkinsu a gicciye yake, gaban dama haɗe da bayan hagu, ba wani bututu guda da za a toshe a ce an kulle gaba. Motocin da tsarinsu ya yi kusa da na Amurkan su ne masu furofela: Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, da 505, da Marsandi 190, da tsofaffin BMW. Su ma galibi injinsu bai kai rabin na Hemi ba, kuma mafi yawansu taya ɗaya ce ke juyawa idan an matsa musu, ɗayar na tsaye.

Ƙasar da ake wasan a kanta ma ta sauya lissafi. A filin yashi ko jar ƙasa taya ba ta bukatar a kame mota kafin ta zame, ƙura ce ke tashi maimakon hayaƙi, tayar da aka kulle a gaba kuma sai ta riƙa jan ƙasa tana tafiya. A kan kwalta, abin da ke fara lalacewa shi ne kuloci, sai kuros ɗin furofela, sai aksil idan bayan motar ya kama tsalle. Tayoyin da ake wasan da su galibi na hannu ne daga kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, waɗanda robarsu ta riga ta bushe, kuma irinsu sukan fashe da wuri.