Karatun Mashin Messmer

A Karaye idan aka ce gem, ƙwallo ake nufi. Shago ne da talabijin biyu ko uku, dogon benci, janareta na kuka a waje, yara na gardamar wa zai ɗauki Madrid, wa zai ɗauki Barcelona. Haka abin yake a Rogo. Shi ya sa ranar da na leƙa shagon ɗan yayata bayan la'asar, na tarar da shi yana fama da wani dogon bos, wato babban abokin gaba, mai jan gashi da mashin wuta, sunansa Messmer, sai na ja benci na zauna. A gabana aka kashe shi sau bakwai a jere, ko sara ɗaya bai kai ba.

"Kai kuwa ba za ka rama ba?"

"Kawu, ai ban fara faɗa ba tukuna. Karatunsa nake yi."

Sunan wasan Elden Ring. Kamfanin FromSoftware na Japan ne ya fitar da shi a Fabrairun 2022, a ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki. Duniyar tatsuniya ce ta sarakuna da dodanni da matsafa, kai kuma ka shigo ba kowan kowa ba, ka gina jaruminka da guminka. Abin da yaron ke bugawa ƙari ne da aka yi wa wasan, Shadow of the Erdtree, wanda ya fito ranar 21 ga Yunin 2024, kamar dai yadda marubutan littattafan yaƙi na Kano ke sako kashi na gaba. Cikin kwana uku mutum miliyan 5 suka saya. Masu sharhi suka yi ta yabo, har ya shiga takarar gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards, abin da wani ƙari bai taɓa samu ba, ko da yake Astro Bot ne ya lashe.

Amma a Steam, kasuwar wasanni ta intanet, 'yan wasa sun yi ca, suna cewa wuyar ta yi yawa. Mutum ya shekara biyu yana tara ƙarfi, yana ganin ya gagara, sai ya shiga sabuwar ƙasa a kwantar da shi da duka biyu. Dalili kuwa, masu wasan sun warwatsa wasu gutsattsarin itace guda 50 a lungunan ƙasar, su ne ke ƙara wa jarumi ƙarfi da juriya. Wanda ya ƙi yawo ya miƙe wajen bos, tamkar ya je farauta ba kare ba gora. Kamfanin ya ɗan sassauta bayan 'yan kwanaki, a Satumba kuma ya rage wa bos na ƙarshe kaifi. A ganina akwai gaskiya a ƙorafin, sai dai gaggawa ta fi gaskiyar yawa.

Abin da ya riƙe ni a kan bencin nan shi ne idon yaron. Ba ya kallon jaruminsa sam. Kafaɗar Messmer yake kallo, da inda bakin mashin ya nufa. Bos ɗin kan buɗe faɗa da tsalle, ya dunƙule wuta a hannu ya faɗo da ita ƙasa, bayan ɗan jinkiri ta fashe. Sabon shiga yakan mirgina da ya ga tsallen, ya miƙe daidai lokacin da wutar ke tashi. Gwani yakan jira. A cikin kowace mirgina akwai wani ɗan taƙi da bai kai rabin daƙiƙa ba, wanda makami ke ratsa mutum ba ya cutar da shi, kuma gwanintar duka a wannan taƙin take. Abin da ya fi ba ni mamaki, cikin saran yake mirginawa, ba baya ba, don ya tashi a gefen bos inda zai samu damar sara ɗaya. Ɗaya tak. Kwaɗayin na biyu shi ke kashe yawancin mutane, domin kowane sara yana cin numfashi, wanda numfashinsa ya ƙare kuwa ba shi da abin kaucewa. Ko shan maganin warkewa sai an karanci lokacinsa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe lokacin kaka ya san wannan kallon. Tsohon ɗan dambe yakan miƙa hannun garkuwa yana auna tazara, ya bar turmin farko ya wuce yana lura da yadda abokin karawa ke ɗaga naɗaɗɗen hannunsa kafin ya sake shi.

A duniyar wannan wasa akwai wanda ya yi suna da haka, ana ce masa Let Me Solo Her, wato "bar ni da ita ni kaɗai". Yakan shiga wasan wanda wata bos mai suna Malenia ta gagara, ba sulke, tulu kife a kansa, takobi biyu a hannu, ya gama masa da ita. Da ya haura nasara 1,000, kamfanin Bandai Namco, mai rarraba wasan, ya aika masa takobi na gaske. Da ƙarin ya fito, sai ya koma taya mutane kashe Messmer.

Aka kira magariba, yaron ya kashe talabijin muka tafi masallaci. Kwana huɗu bayan nan na dawo, na tarar da shi yana fafatawa da Messmer. Jinin bos ya kai rabi, ya ƙwaƙule idonsa, wani ƙaton maciji ya fito yana kai sara ta ko'ina. Shagon ya yi tsit, har masu ƙwallo sun ajiye hannun gem sun juyo. Yatsan yaron kaɗai ke motsi. Ya kauce, ya kauce, ya jira, ya sara. Da Messmer ya durƙusa, wani yaro da ya zo daga Rogo a kan babur ya yi tsalle ya ce a ba shi ya gwada.

Ɗan yayata ya miƙa masa hannun. "Karɓi. Amma yau kada ka kai sara. Kafaɗarsa kawai za ka kalla."