Sikitiyawa a Alƙalamin Hirodotus: Taƙaitaccen Sharhi

Cikin littattafai tara da Tarihin Hirodotus Bagirke ya ƙunsa, a wannan fitowa mun zaɓi na huɗu, wanda ya ba da labarin Sikitiyawa. Su makiyaya ne mahaya dawaki da suka zauna arewa da Bahar Aswad, inda Yukiren da kudancin Rasha suke a yau. Ba su bar littafi nasu ba. Saboda haka abin tambaya shi ne, shin baƙon da ya yi magana a madadinsu ya riƙe amana?

Ta fuskar salo babu ja. Dubi yadda ya kawo harin Sarki Dariyus na Farisa, wajen shekara ta 513 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sikitiyawa suka ƙi tsayawa a gwabza, suna ja da baya suna cike rijiyoyi. Daga bisani suka aika masa da tsuntsu da ɓera da kwaɗo da kibau biyar. Dariyus ya ɗauka mubaya'a ce. Sai bafadensa Gobiriyas ya ce saƙon gargaɗi ne: in ba su tashi sama ko su shige rami ko su faɗa ruwa ba, kibau za su cim musu. Da wannan 'yar kyauta marubucin ya nuna mana girman kan sarki da wayon makiyayi, ba tare da dogon wa'azi ba.

Ta fuskar gaskiya kuwa, an daɗe ana kiransa uban maƙaryata. Amma masu tonon kufai sun wanke shi a wurare da dama. Ya ce suna kafa 'yar bukka su zuba irin wiwi a kan duwatsu masu zafi su shaƙi hayaƙin. Tsakanin 1947 da 1949 Sergei Rudenko ya tono kaburburan Fazirik a tsaunukan Altai, inda ƙanƙara ta adana kaya, ya samu sandunan bukka da kaskon tagulla da duwatsu da irin wiwi. Gawarwakin ma an farke su an cusa ciyayi an ɗinke, kusan yadda ya faɗa. A 2023 kuma bincike ya gano fatar mutum a jikin kwari biyu na kibau daga Yukiren. Sai dai mu lura, mutanen Fazirik dangin Sikitiyawa ne na gabas mai nisa, ba su ne ainihin waɗanda ya siffanta ba.

Inda muke ganin rauninsa shi ne ma'auni. Kusan komai da mudun Girkawa yake aunawa, har gumakansu ya laƙaba wa sunayen gumakan Girka. Basikitiye ya zama madubin da Bagirke ke duba kansa. Duk da haka yana da hali abin koyi: yakan bambanta abin da aka gaya masa da abin da ya gaskata. Labarin masu rikiɗa su zama kyarkeci, da masu barcin wata shida, ya kawo su ya kuma ce bai yarda ba.

To, 'yan'uwa marubuta, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. In za mu rera ta wasu, mu faɗi inda muka jiyo ta, domin wata rana ƙasa za ta ba da shaida.