Zakin Majigi da Zakin Daji: Sharhi a kan Fim ɗin Born Free

A shekarar 1966 aka fitar da wani fim mai suna Born Free, ma'anarsa wanda aka haifa da 'yanci. Ya zaga duniya, ya sa mutane da yawa hawaye, iyaye kuma sukan bar yara su kalle shi domin babu batsa a ciki. Fim ɗin da ake amincewa da shi haka ya cancanci a dube shi da kyau, a ga abin da ya koyar, a kuma ga abin da ya rufe.

Labarin gaskiya ne. A 1956 George Adamson, mai kula da namun daji a arewacin Kenya, ya harbe wata zakanya da ta taso masa. Daga baya ya gane 'ya'yanta uku take karewa. Ya kwashe su ya kai wa matarsa Joy. Aka aika biyu gidan namun daji na Rotterdam a ƙasar Holan, suka riƙe ƙaramar, suka raɗa mata suna Elsa. Da ta girma suka koya mata farauta, suka sake ta a jeji, har ta haifi nata 'ya'yan. Joy ta rubuta labarin a littafi a 1960. A fim ɗin, Virginia McKenna da mijinta Bill Travers ne suka fito a madadin Joy da George.

Dole a yaba wa fim ɗin inda ya yi daidai. Kafin shi, yawancin finafinan Turawa a kan Afirka suna nuna zaki a matsayin abokin gaba wanda jarumi zai bindige. Wannan kuwa ya nuna shi halitta ce mai jin yunwa da tsoro, mai sabo da wanda ya ciyar da ita. Wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne sa'ad da aka sami Elsa a rame, da raunuka, bayan an bar ta a jeji. George ya ga gara a kai ta keji inda za ta tsira, Joy kuwa ta ƙi. Gardamar nan ta miji da mata ita ce zuciyar fim ɗin, an kuma shirya ta da gaskiya, ba a mai da ɗayansu mugu ba.

Amma akwai tambayar da mai kallo ba ya yi. Elsa ta mutu tun a watan Janairu na 1961, kafin a fara ɗaukar fim. To, su wane ne aka gani a majigi? An tara zakuna fiye da ashirin waɗanda suka saba da mutane, aka yi watanni ana aiki da su. Da aka gama, uku kaɗai aka ba George Adamson ya mayar jeji: Boy, Girl da Ugas. Yawancin sauran, gidajen namun daji aka kai su. Masu kallo sun fita suna murna an 'yantar da Elsa, alhali zakunan da suka yi aikin suna cikin kejin nan da Joy ta fim ta ƙi.

Laifi na biyu ya fi nauyi. Fim ɗin yana sa mutum ya ɗauka cewa zakin da aka rena da hannu yakan zama kamar karen gida. Tarihin Boy ya ƙaryata wannan. Tun ana shirin fim ya danne Virginia McKenna cikin wasa, ya karya mata idon sawu. A 1971, a Kora, ya kashe ɗaya daga cikin ma'aikatan Adamson, har Adamson ya harbe shi da hannunsa. Hali zanen dutse ne, Boy bai yi abin da ya saɓa wa halittarsa ba. Mutane ne suka cire masa tsoron ɗan Adam, suka bar shi ba na gida ba, ba na jeji ba. A cikin fim ɗin 'yan Kenya ba su wuce masu hidima da ke tsaye a gefe ba, ga shi kuwa irinsu ne ya biya da ransa.

Littafin Farawa ya nuna cewa Allah ya ba mutum mulki a kan dabbobi, amma ya kuma sa shi a gona domin ya kiyaye ta. Mulkin nan riƙon amana ne, mai riƙon amana kuwa zai ba da lissafi. Karin Magana sura 12 ta sa kula da dabba cikin alamun mutumin kirki. A Littafin Ayuba sura 38 da 39, Ubangiji da kansa ya tuna wa Ayuba cewa shi ne mai ciyar da zakuna, shi ne kuma ya saki jakin jeji. Ba domin nishaɗin mutum aka yi su ba.

Wani zai ce, in ba don fim ɗin ba, da mutane da yawa ba su damu da zaki ba. Gaskiya ne. Amma Manzo Bulus ya ƙi koyarwar da ke cewa a yi mugunta domin alheri ya fito. Su kansu 'yan wasan biyu shaida ne. Sun sake yin wani fim da 'yar giwa mai suna Pole Pole, wadda daga baya aka kai gidan namun daji na Landan, ta mutu a can a 1983. Baƙin cikin wannan ya sa suka kafa ƙungiya a 1984, wadda ta zama Born Free Foundation, mai adawa da tsare namun daji da wasa da su.

Yanzu hujjar ma ta ragu. Fim ɗin The Lion King na 2019 ba shi da zaki mai rai ko ɗaya, da kwamfuta aka zana su duka. Ƙasar Bolibiya ta hana wasa da dabbobi a tantunan wasanni a 2009, Ingila kuma ta hana na namun daji daga 2020.

Laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani. A kasuwannin ƙasar Hausa akwai gardawa masu jan kura da sarƙa da takunkumi, da biri sanye da riga, suna tara jama'a su sayar da magani. Sana'ar gado ce, da ita suke ciyar da iyali, ba kuwa zagi ne zai gyara ta ba. Duk da haka kuɗin da mai kallo ya jefa shi ne ke sa a koma jeji a kamo wata. Binciken da aka buga a 2014 ya nuna zakunan Afirka ta Yamma kimanin 400 ne suka rage, yawancinsu a gandun da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso.

Ba laifi a kalli Born Free tare da yara. Amma in an gama, uba ko malamin Lahadi ya gaya musu labarin Boy da na sauran zakunan da aka kai keji. Ya koya musu su riƙa tambaya, a gaban majigi ko a bakin kasuwa: daga ina aka samo dabbar nan, ina kuma za ta kwana in wasa ya tashi?