Nazari a Kan Hotunan Delamotte na Ginin Fadar Gilashi, 1852–1854

Manufar wannan maƙala ita ce duba hotunan da Philip Henry Delamotte ya ɗauka lokacin da ake sake kafa Crystal Palace, wato Fadar Gilashi, a Sydenham da ke kudancin Landan. Joseph Paxton ne ya tsara ginin domin babban baje-kolin masana'antu na 1851 a Hyde Park. Da aka watse, sai aka kwance shi, aka kwashi ƙarafan zuwa sabon mazauni, aka kuma ƙara masa girma. Delamotte ya bi aikin har ranar da Sarauniya Biktoriya ta buɗe shi a 1854, kuma a 1855 aka fitar da hotuna 160 a cikin kundi.

Idan aka lura, za a tarar cewa armashin kundin yana cikin hotunan da aka ɗauka kafin a sanya gilashi. A nan ginin ƙashi ne zalla: ginshiƙan ƙarfe sun jeru iri ɗaya, suna ƙanƙancewa har su ɓace wa ido, sararin sama kuwa yana leƙowa ta tsakaninsu. Wannan maimaici, wanda manazarcin waƙa zai gane nan take, shi ne ƙashin bayan salon Delamotte. Da aka rufe ginin aka cika shi da gumaka da shuke-shuke, sai hotunan suka rage kaifi, suka koma shaidar kayan ƙawa kawai.

Sai dai akwai abin dubawa game da ma'aikata. Na'urar wancan zamani tana buƙatar abin da za a ɗauka ya tsaya cak na wasu daƙiƙoƙi, don haka duk wanda ya motsa sai ya fito dishi-dishi kamar inuwa. Ke nan ƙarfe ya samu cikakkiyar siffa, mai ɗaga shi kuwa bai samu ba, in ba ya ajiye aiki ya tsaya ba. Sau da yawa lebura ya zama ma'auni ne kurum, don mai kallo ya gane tsawon ginshiƙi. Ba za a ɗora wa Delamotte laifin na'urarsa ba, amma natsuwar hotunan tana iya ruɗin mai nazari, domin a watan Agusta na 1853 katakon da ma'aikata ke hawa ya rufta a wannan wuri, mutum 12 suka rasu.

Gobara ta cinye ginin a daren 30 ga Nuwamba, 1936.