Ma'aunin Makaranta: Sharhi Kan Yadda Ake Auna Sakandaren Gwamnati A Birnin Katsina

Gabatarwa

Duk wanda yake koyarwa a kwalejin horon malamai ya san wata tambaya da ba a rasa mai yi masa ita a bakin masallaci ko wajen ɗaurin aure, musamman idan lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ya gabato, watau: "Malam, wace makaranta ce mai kyau da zan kai yaron nan?" Mai wannan tambaya ba wasa yake yi ba, domin shekara shida na rayuwar ɗansa zai miƙa wa waɗansu mutane, kuma idan ya yi kuskure ba lalle ne ya sami halin gyarawa ba. A cikin wannan takarda za mu duba ma'aunai biyu da jama'a suka saba amfani da su wajen amsa ta, watau tsohon sunan makaranta da kuma sakamakon jarrabawar fita. Za mu ɗauki Kwalejin Gwamnati ta Katsina ta zama misalinmu, saboda babu sakandaren da aka fi ambata a birnin nan idan ana wannan magana. Ra'ayinmu shi ne, waɗannan ma'aunai duka biyu sun fi auna yaran da aka kai makaranta bisa ga makarantar kanta.

Ma'auni na farko: suna

Kafin mu yi nisa ya kamata mu warware wani ruɗani. Mutane da yawa, har da masu ilmi, sukan haɗa Kwalejin Gwamnati ta yanzu da tsohuwar Kwalejin Katsina wadda Gwamna Kilifod ya buɗe a 1922 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wadda ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ba ita ba ce. Waccan an ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938, daga nan zuwa Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau, tsohon gininta kuwa ya zama gidan adana kayan tarihi. Kwalejin Gwamnati daga Makarantar Midil ta Katsina ta samo asali, ta zama Sakandaren Lardi, sa'an nan ta sami sunan Kwalejin Gwamnati. Ita ma tana da nata abin alfahari, don kuwa a nan Muhammadu Buhari ya yi karatu daga 1956 zuwa 1961, a nan kuma Shehu Musa 'Yar'aduwa ya yi.

To, amma mece ce hujjar da ke cikin wannan jerin sunaye? A zamanin da ake magana, yaron da ya shiga Sakandaren Lardi an riga an tace shi. Daga makarantun firamare na duk faɗin Lardin Katsina, tun daga Daura har Funtuwa, aka tsamo 'yan kaɗan ta hanyar jarrabawa, aka ajiye su a makarantar kwana, hukuma tana ɗauke da cinsu da littattafansu. Makarantar da ta sami irin waɗannan yara, in ta fitar da gwanaye ba abin mamaki ba ne. Ba muna rage wa malaman wancan zamani daraja ba ne, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Abin da muke cewa shi ne rabin aikin an gama shi tun a bakin ƙofa.

Daga baya al'amura suka sake. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya buɗe ƙofa ga ɗimbin yara, waɗanda bayan shekara shida suka taso neman gurbi a sakandare. Tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a 1982, ya raba sakandare gida biyu. A 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina, birnin ya zama hedikwata, ya cika ya batse. Bugu da ƙari, kwalejojin Gwamnatin Tarayya, da makarantun kimiyya na jiha, da makarantun kuɗi, duk suka shiga ɗibar yaran da a dā wuri ɗaya za su nufa. Saboda haka uban da ya zaɓi Kwalejin Gwamnati domin su wane sun yi ta, makarantar 1960 ya zaɓa, alhali ɗansa ta bana zai shiga. Wanda kuma ya guje ta yana cewa ai ba ta fitar da irin su wane yanzu, shi ma zaluntarta ya yi, domin ya auna ta da mudun da ba nata ba.

Ma'auni na biyu: sakamakon jarrabawa

Wannan ma'auni ya fi na farko kama da gaskiya, saboda haka ya fi shi haɗari. Abin da akan duba shi ne kashi nawa cikin ɗari na ɗalibai suka sami kiredit biyar da suka haɗa da Ingilishi da Lissafi a jarrabawar WAEC ko NECO. Ba mu raina wannan adadi ba, tun da shi ne mabuɗin jami'a. Sai dai yana da lahani da ya kamata a sani.

Na farko, adadin ya dogara ga waɗanda aka bari suka zauna jarrabawar. A ce makarantu biyu kowace ta ɗauki yara 300. Ta ɗaya ta riƙe su duka har ƙarshe, 150 suka ci, watau kashi 50 ke nan. Ta biyu ta yi ta zubar da masu rauni a hanya, ta gabatar da 100 kurum, 80 suka ci, aka rubuta mata kashi 80. A idon jama'a ta biyu ta fi, alhali kuwa ta ɗaya ta fitar da yara kusan ninkin nata. Wannan ba tatsuniya ba ce ga wanda ya san jarrabawar tantancewa da gwamnatocin jihohi irin su Katsina da Kano suka yi amfani da ita wajen zaɓar ɗaliban da za a biya wa kuɗin jarrabawa. Yaron da ya faɗi tantancewa, ubansa kuma ba shi da halin biya, ya ɓace daga lissafi gaba ɗaya.

Na biyu shi ne satar jarrabawa, wadda ta kai har aka kafa mata doka ta musamman a 1999, hukumar WAEC kuma takan riƙe sakamakon dubban ɗalibai kowace shekara saboda ita. Makarantar da shugabanta ya tsaya kan gaskiya tana iya zama a ƙasan wadda aka rubuta wa yaranta amsa a allo. Na uku kuwa, shi kansa adadin ba dutse ba ne: a watan Agusta na 2025 hukumar WAEC ta fara sanar da cewa kimanin kashi 38 ne suka sami kiredit biyar ɗin nan a duk ƙasa, bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure wajen makin, adadin ya koma kusan kashi 63.

Amma babban lahani shi ne wanda aka daɗe da ganowa a waɗansu ƙasashe. A Amurka, rahoton Coleman na 1966 ya nuna cewa gidan da yaro ya fito yana da tasiri a kan sakamakonsa fiye da kayan aikin makaranta. A Ingila, bayan sun shekara fiye da ashirin suna jera makarantu bisa ga sakamako, a 2016 suka koma ga auna ci gaban da yaro ya samu daga shigarsa sakandare zuwa fitarsa. Mu ma a nan mun san haka ba sai an gaya mana ba. Ɗan ma'aikaci da ake biya wa malamin darasi da yamma, da ɗan mai facin taya da ke tashi daga aji ya wuce bakin sana'a, in suka sami sakamako ɗaya, ba aiki ɗaya makarantunsu suka yi ba.

Abin da ya kamata a auna

Mun taɓa zuwa duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo, ba wadda muka ambata a sama ba. A ajin farko na babbar sakandare muka tarar yara sun cika ɗaki har bakin ƙofa, nesa da 40 ɗin da manufar ilmi ta ƙasa ta yanka wa malami ɗaya, waɗansunsu kuma ba su iya karanta sakin layi guda na Ingilishi ba tare da an ja su ba. A nan kuma muka ga wata malama da ta ware irin waɗannan yara tana koya musu karatu bayan an tashi, ba da umarnin kowa ba. Aikinta ba zai taɓa fitowa a jadawalin kiredit biyar ba, amma in ana neman abin da ake kira makaranta, shi ne wannan.

Ma'aunin da muke ganin ya dace, watau abin da makaranta ta ƙara wa yaro, ba ya bukatar baƙon kayan aiki. Kowane yaro yana da sakamakon jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, yana kuma da na fita. Da Ma'aikatar Ilmi za ta haɗa waɗannan biyu ga kowace makaranta, tare da yawan waɗanda suka shiga da waɗanda suka kai ƙarshe, da an ga makarantar da ke ɗaga yara da wadda ke cin albarkacin yaran da aka kai mata. A kan wannan ma'auni ne kaɗai za a iya yi wa Kwalejin Gwamnati, ko wata, hukunci na adalci. Kafin a kai ga haka, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Uba yana iya shiga makaranta ranar aiki ya ga ko malamai suna aji, ya buɗe littafin aikin wani ɗalibi ya ga yaushe aka yi masa maki na ƙarshe, ya tambaya ko mai koyar da Kimiyyar Sinadarai ita ya karanta, ya kuma leƙa ɗakin gwaje-gwaje ya ga ko ƙura ce a kan teburan.

Dacewa da iyali

Ko da an sami makaranta mai kyau, sauran tambayar ko ta dace da wannan gida. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, har Gwamna Aminu Bello Masari ya ba da umarnin rufe makarantun kwana na jihar a lokacin, maganar kwana ko jeka-ka-dawo ta tashi daga zancen tarbiyya ta koma zancen rai. Uban da ya zaɓi makarantar da ke kusa da gida, ko da ba ta da suna, ba za a ce ya jahilci ilmi ba. Haka nan akwai kuɗin mota kullum daga unguwannin bayan ganuwa, wanda a shekara yakan fi kuɗin littattafai. Akwai lokacin tashi, domin gidaje da yawa ba za su yarda boko ta cinye wa yaro Islamiyya ba. Ga 'ya mace kuwa, makewayi mai ƙofa da ruwa, da malamai mata da za ta iya kai wa kuka, sukan yanke hukuncin ko za ta kammala ko za a cire ta a aji huɗu, kuma babu ɗaya daga cikinsu da hukumar jarrabawa take tambaya.

Mu malaman kwalejojin horon malamai muna da hanyar taimakawa da ba mu yi amfani da ita ba. Kowace shekara ɗalibanmu sukan shafe makonni a cikin azuzuwan makarantun nan, mu kuma mukan bi su da takardar maki. Abin da muke aunawa shi ne ɗalibinmu kawai. Da za a ƙara shafi ɗaya a wannan takarda, a rubuta yawan yaran aji, da yawan masu littafi, da darussan da suka wuce babu malami, da cikin shekara uku kwalejojinmu sun tara bayanin da za a iya ajiyewa a gaban Ma'aikatar Ilmi da kwamitocin iyaye da malamai.